Yoga da Juyin Shekara: Abin da Basantar Indiya Ta Koya Mana

Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Manomi ya san gaskiyar wannan zance, domin ba ya fita da iri a watan da ƙasa ta ƙeƙashe. Makiyayi ma ya sani, shi ya sa yake kora dabbobinsa kudu da rani, ya komo da su arewa in ruwa ya sauka. Wanda ya fi kowa saurin mantawa shi ne ɗan boko, wanda agogo da jadawalin lacca suka shiga tsakaninsa da sararin samaniya. Abin da ya ci a Janairu shi zai ci a Afrilu, lokacin kwanciyarsa bai sauya ba, kuma in yana motsa jiki, yadda ya yi shi cikin sanyi haka zai yi shi cikin zafi. Sai jiki ya yi ƙara, sa'an nan a nufi asibitin makaranta ana neman abin da ya faru.

A wannan ɗan rubutu muna so mu leƙa ƙasar Indiya, inda masana tun da daɗewa suka mai da sauyin yanayi wani babi mai zaman kansa a ilimin lafiya. Za mu duba yadda masu yoga na can suke sauya atisayensu idan lokacin da suke kira Basanta ya shigo, bisa ƙa'idojin likitancinsu na gargajiya da ake kira Ayurbeda. Dalilinmu na ɗauko wannan magana shi ne, a yau littattafan yoga da majiginta sun iso hannun matasanmu ta wayar salula, kuma akwai wata kalma guda ɗaya a cikinsu wadda in aka fassara ta da ganganci, shawarar da aka bayar don lafiya za ta iya komawa cuta.

Bari mu fara da bambance abubuwa biyun, domin sau da yawa akan haɗa su a tukunya ɗaya. Yoga hanya ce ta horar da jiki da numfashi da zuciya. Littafinta mafi shahara shi ne na Patanjali, wanda aka tattara wajen ƙarni na 4 ko na 5 na Miladiyya, ya kuma kasa ta gida takwas. Zaman jiki, wato asana, gida ɗaya ne kawai daga cikin takwas ɗin, kuma Patanjali bai lissafa salon zama iri-iri ba. Yawan lanƙwashe-lanƙwashen jiki da tsare-tsaren numfashi sun bunƙasa ne daga baya, a littattafai irin su Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15, wanda ya bayyana salon zama 15. Ita kuwa Ayurbeda, ma'anarta a harshen Sansikirit ilimin rayuwa, likitanci ce. Manyan littattafanta uku ne: na Caraka, wanda ya kai kimanin shekara dubu biyu, da na Sushuruta, sai na Bagbata wanda ya zo wajen ƙarni na 7 ya taƙaita na gabansa.

Ginshiƙin Ayurbeda shi ne cewa abubuwa uku ke tafiyar da jikin ɗan Adam, wato vata da pitta da kapha. Mun bar su yadda suke a rubuce, domin in muka lanƙwasa su zuwa bakin Bahaushe sai su koma ɓata da fita da kafa, mai karatu ya rasa inda muka dosa. Ta farko ɗabi'ar iska gare ta: bushewa, sanyi da motsi. Ta biyu ɗabi'ar wuta: zafi da kaifi. Ta uku, wadda ita ce abin maganarmu, ɗabi'ar ruwa da ƙasa gare ta: nauyi, sanyi, danshi, maiƙo da yauƙi, kuma mazauninta ƙirji da maƙogwaro da kai. Za mu riƙa kiran ta majina, ko da yake ta fi majinar hanci faɗi, don ita ce kuma ke riƙe gaɓoɓi da ba jiki ƙwari. Wannan tunani ba zai zame wa Bahaushe baƙo ba. Wanda ya zauna gaban malaman ɗibbu ya ji maganar balgam da safara'u da sauda'u da jini, kamar yadda Ibn Sina ya tsara su a littafinsa Alƙanun da ya kammala a 1025, kuma har gobe tsofaffinmu na kasa cuta da abinci zuwa masu zafi da masu sanyi.

Masana Ayurbeda sun kasa shekara gida shida, kowane gida wata biyu. Akwai Hemanta, farkon sanyi, da Shishira, ƙarshensa. Sai Basanta, daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Mayu. Sai Girishma, tsananin zafi. Sai Barsha, damina. Sai Sharad, lokacin da ruwa ya ɗauke. Masu nazarin adabi za su tuna cewa waƙar Ritusamhara, wadda ake danganta wa Kalidasa, a kan waɗannan gidaje shida aka gina ta, ta fara da zafi ta ƙare da Basanta. Lokaci ne na furen mangwaro da sabon toho, kuma bikin Holi da ake watsa wa juna launuka shi ke buɗe masa ƙofa.

To amma likita bai kalli Basanta da idon mawaƙi ba. A ganin Caraka da Bagbata, cikin watannin sanyi mutum kan ci abinci mai nauyi da maiƙo, ya yawaita barci, ya rage motsi, ta haka majina ke taruwa a jikinsa ta daskare. Muddin ana sanyi ba ta tayar da fitina. Ranar Basanta ce ke narkar da ita. Wanda ya taɓa ganin man ja ya daskare a kwalba da sanyin hunturu, sa'an nan ya kwance ya malale da aka ajiye shi a rana, ya ga hoton abin da suke nufi. Idan majinar ta narke sai ta bi jiki, ta danne wutar ciki da ke narka abinci, wadda suke kira agni. Daga nan sai mura da tari da toshewar hanci, da nauyin jiki, da kasala, da rashin sha'awar abinci. Ke nan lokacin da duniya ta fi kyan gani shi ne lokacin da ƙirji ya fi cushewa.

Maganin da suka tsara yana bin ƙa'ida ɗaya mai sauƙi, wato abu yana ƙaruwa da irinsa, yana raguwa da kishiyarsa. Tun da majina nauyi ce da sanyi da danshi, sai a tare ta da sauƙi da ɗumi da bushewa. A cikin ɗanɗano shida da suka lissafa, wato zaƙi, tsami, gishiri, yaji, ɗaci da bauri, sun ce a rage ukun farko a Basanta, a ƙara ukun ƙarshe. A ci sha'ir da tsohuwar alkama, a sha zuma da ruwan citta, a guji maiƙo da barcin rana. A goge jiki da busasshen garin tsirrai maimakon shafa mai irin na lokacin sanyi. A motsa jiki. Wannan shawara ta shiga har cikin al'adar talakawa: a ranar Ugadi, sabuwar shekarar mutanen Andhra da Telangana da Karnataka wadda ke faɗowa a farkon Basanta, ana cin furen dogon yaro gauraye da mazarƙwaila. Itacen nan kuwa ɗan asalin can ne, a ƙarni na 20 aka kawo mana shi, ya zama inuwar garuruwanmu.

A nan ne yoga ke shigowa. Littafin Geranda Samhita, wanda aka rubuta wajen 1700, ya shawarci mai koyo da ya fara yoga a Basanta ko a Sharad, ya guji farawa a sauran lokuta huɗun, domin a ganinsa farawa cikin tsananin sanyi ko zafi ko ruwa na jawo cuta. Shi kuwa Hatha Yoga Pradipika ya lissafa ayyukan tsabtace jiki guda shida, ya ce wanda ƙiba ko majina ta yi wa yawa ya fara da su kafin ya shiga tsarin numfashi. Biyu daga cikinsu sun dace da Basanta ƙwarai. Na farko neti, wato wanke hanci, wanda a da ake yi da zare mai laushi, yau kuma an fi yi da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri a 'yar buta. Na biyu kapalabati, inda mutum zai zauna ya miƙe baya ya riƙa fesar da numfashi ta hanci da sauri yana tsuke ciki. Akwai kuma wani salon numfashi da suka ba sunan zugazugin maƙeri, saboda yadda ƙirji ke cika ya zuƙe kamar ana hura gawayi.

Game da motsin jiki, malaman yoga na yau da ke bin Ayurbeda sukan ce wa ɗalibi ya tashi kafin rana ta fito, domin a lissafinsu sassafe bayan fitowarta lokacin majina ne, kuma wanda ya kai shi yana kwance da nauyi zai tashi. Atisayen sanyi a hankali ake yin sa, a daɗe a zaune, a daɗe a kwance. Na Basanta kuwa a tsaye ake yin yawancinsa, a ɗan hanzarta, har gumi ya tsatso. Ana yawaita salon da ke buɗe ƙirji: na gamsheƙa, inda mutum zai kwanta rub da ciki ya ɗaga kai da ƙirji, na baka, inda zai kama idon sawunsa ta baya, na raƙumi, inda zai durƙusa ya lanƙwashe baya, da na kifi. Ana ƙara masu murɗa kugu, waɗanda tun a ƙarni na 15 aka ce suna tayar da wutar ciki. Ana kuma rage tsawon kwanciyar hutu ta ƙarshe, don kada hutu ya zarce ya zama barci.

Akwai jerin motsi 12 da suka fi amfani da shi a wannan lokaci, wanda suke kira gaisuwar rana. Ya kamata mai karatu ya san abu biyu game da shi. Na ɗaya, a siffarsa ta yanzu ba tsoho ba ne. Sarkin wata 'yar masarauta mai suna Aundh, Bhawanrao Pant Pratinidhi, shi ya yaɗa shi a shekarun 1920, ya sa ana yin sa a makarantun ƙasarsa, sa'an nan ya shiga koyarwar Krishnamacharya a birnin Maisur a shekarun 1930, daga can almajiransa suka kai shi duniya. Na biyu, sunansa da addu'o'in da wasu ke haɗawa da shi sun sa Musulmi da yawa na ƙaurace masa. Ko a Indiya, da aka zo bikin Ranar Yoga ta Duniya na farko a 21 ga Yunin 2015, gwamnati ta cire shi daga tsarin taron bayan ƙungiyoyin Musulmi sun nuna rashin yarda. Mai son tayar da gumi da safe ba lalle sai ta wannan hanya ba.

Haka nan haɗa kowane salon zama da vata ko pitta ko kapha dalla-dalla aikin marubutan baya-bayan nan ne, irin su David Frawley da littafinsa na 1999 kan yoga da Ayurbeda. Caraka ya ce a motsa jiki a Basanta, amma bai ce a yi salon gamsheƙa ba. Kuma babu wani ɗakin gwaji da ya taɓa auna kapha a jinin mutum. Hanya ce ta bayyana abin da ido ya gani shekara da shekaru: mura da atishawa na yawaita idan sanyi ya juya, furanni suka saki ƙurarsu, kuma wanda ya rage maiƙo ya ƙara motsi yakan ji sauƙi. Wannan bai yi nisa da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ba, wadda ta ce baligi ya sami aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Sai dai a kiyaye: numfashin zugazugi da kapalabati ba na mai hawan jini ba ne, ba kuma na mace mai ciki ba, ruwan wanke hanci kuwa a tafasa shi tukuna ya huce. Tayar da amai da gangan, wanda Ayurbeda ta ware wa wannan lokaci, aiki ne da ake yi a gaban likita.

A cikin dukkan abin da muka karanta, ƙa'idoji biyu ne suka fi kama mana hankali, kuma dukansu na taka burki ne. Ta farko ita ce ta rabin ƙarfi. Bagbata ya ce ko ƙaƙƙarfan mutum, a lokacin sanyi da Basanta da aka fi yarda da motsa jiki, rabin ƙarfinsa kawai zai yi amfani da shi, a sauran lokuta kuwa ya rage ƙasa da haka. Alamar an kai rabin ita ce gumi ya fito a goshi da hamata, numfashi ya fara neman baki. Nan za a tsaya. Ta biyu ita ce ritusandi, wato mahaɗar lokuta: kwana bakwai na ƙarshen lokaci mai fita da kwana bakwai na farkon mai shiga. A cikin kwana 14 ɗin nan ake sakin tsohon tsari kaɗan-kaɗan, ana ɗaukar sabo kaɗan-kaɗan, domin sauyi na farat ɗaya shi kansa cuta ne. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Bahaushe. Ɗalibin da ya kwashe zango guda bai yi gudu ba, ya wayi gari ya zaga filin wasa sau goma, ya kwana biyu bai iya hawa bene ba, shi zai fi kowa gane hikimar wannan.

Yanzu sai mu zo ga kalmar da muka ambata da farko. Idan littattafan yoga suka fito da Turanci, sukan fassara Basanta da sunan lokacin nan na Turai da ƙanƙara ke narkewa, itatuwa su yi toho. Idan kuma mu muka tashi mai da shi Hausa, abin da ke zuwa baki shi ne bazara, domin haka aka saba fassarawa. Watannin ma sun yi daidai, Maris zuwa Mayu. To amma wanda ya taɓa kwana a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ya san mece ce bazara. Zafi kan haura digiri 40, rijiyoyi su ja baya, mutane su fito da tabarmi tsakar gida suna neman iska, kuma a lokacin ne sanƙarau ya fi ta'adi. Babu wata daskararriyar majina da ta rage rana ba ta narkar ba. A ma'aunin Ayurbeda, bazararmu Girishma ce, kuma shawarar Girishma kishiyar ta Basanta ce kai da ƙafa. Caraka ya ce a wannan lokaci a bar motsa jiki mai wahala, a guji yaji da tsami da gishiri, a sha abin sanyi, har barcin ranar da ya hana a Basanta ya halatta shi. Masu yoga kuma sukan koma ga numfashin sanyaya jiki, inda ake zuƙar iska ta kan harshe. Ke nan yarinyar da ta ga majigin yogar Basanta a wayarta, ta tashi a Gusau cikin Afrilu tana zugazugi da ƙirjinta, tana shan citta da barkono, ta bi kalandar littafin, amma ta saɓa wa ƙa'idarsa. Kakarta da ta dama farau-farau ta yi ƙailula a gindin dogon yaro ta fi ta kusa da abin da Caraka ya faɗa.

In har ƙasar Hausa na da abin da ya yi kama da Basanta, a ganinmu 'yan makonnin nan ne na ƙarshen hunturu, wajen watan Fabrairu, lokacin da hazo ya fara yayewa, asuba da sauran sanyi, rana kuma ta fara cizo, mura da tari suka cika gari. Gajeren lokaci ne, kafin a ankara ya wuce. Mu kuwa da karatu ko aiki ya kawo mu nan kudu, lissafinmu ya sake bambanta. Hunturun nan leƙowa kawai yake yi a Disamba da Janairu, zafin Fabrairu da Maris mai gumi ne, ba mai bushewa ba, kuma ruwa kan sauka tun mutanen gida suna tsakiyar bazara. Nauyin jiki da toshewar hanci sun fi samun mu a tsakiyar damina, lokacin da tufafi ke kwana uku a igiya ba su bushe ba. Ɗalibin da ya bar nan ya tafi hutu Katsina ya ratsa yanayi biyu a kwana ɗaya cikin mota, alhali masana sun ba jiki kwana 14 don irin wannan sauyi.

Saboda haka abin da ya cancanci a aro daga mutanen Indiya shi ne tambayar da suka saba yi wa kansu kafin su shimfiɗa tabarmar atisaye: yau iska bushewa gare ta ko danshi, jikina nauyi yake ji ko zafi, cikina yana neman abinci ko yana gudunsa? Caraka da Bagbata sun dubi samansu da ƙasarsu suka rubuta abin da suka gani. Mu ma muna da damina da marka da kaka da ɗari da bazara, muna da sunayen iskoki da taurarin da manoma ke lissafi da su, muna da kunun da ake sha da sanyi da wanda ake sha da zafi. Yawancin wannan sani a bakin tsofaffi yake, kuma tsofaffin suna ta tafiya. Muna fatan a cikin ɗaliban da za su karanta wannan mujalla a sami wanda zai ɗauki littafi da alƙalami in ya je hutu, ya zauna da kakanninsa ya tambaye su abin da ake ci, da abin da ake bari, da lokacin da ake hutawa a kowane juyi na shekara, ya kawo mana a fitowa ta gaba.